Tumbi ya hau ƙirji: a ci gaba da shan magani ko a yi aiki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka da shawara. Mahaifiyata ce, shekararta 63, ta daɗe tana fama da ƙwannafi, musamman da dare. Da ta kwanta sai wani ruwa mai tsami ya taso mata har maƙoshi, wani lokacin tari ne ke tashinta daga barci. An zura mata na'urar leƙa ciki ta baki, likita ya ce babu gyambo ko ɗaya, wai saman tumbinta ne ya hau ƙirji da santimita 3. A takardar an rubuta hayatus haniya, wai wata irin ƙaba ce. Ya ba ta omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, na sati 8, ya ce mu koma. Yayanmu kuma ya kafe a kan cewa duk wata ƙaba aiki ake mata, wai likitan ɓata mana lokaci yake yi. Da gaske sai an yi tiyata?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ni dai ƙabar da na sani a mara take fitowa ko a cibiya. Tumbi kuma ta ina zai bi ya hau ƙirji?

Dakta Nura: Amin. Abu Safwan, bari in fara da taka. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka, da ita muke jan numfashi. Huhu da zuciya suna samanta, tumbi da hanta da hanji suna ƙarƙashinta. Bututun da abinci ke bi daga maƙoshi dole ya ratsa ta kafin ya kai tumbi, don haka akwai kafa a jikinta daidai kaurinsa. Idan kafar nan ta saki ta yi faɗi, sai saman tumbi ya samu hanyar turowa sama. Ba a ganin kumburi daga waje, ba a jin komai da hannu, shi ya sa mutum zai yi shekaru da ita bai sani ba.

Ƙwannafin kuwa ga inda yake fitowa. A ƙarshen bututun akwai zoben tsoka da ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ya rufe. A wajen mai lafiya, zoben yana zaune ne daidai cikin kafar, tsokar numfashi tana ƙara matse shi ta waje. Da mahaɗar ta zame sama, sun rabu ke nan, kowanne ƙarfinsa ya ragu. Ga kuma ɓangaren tumbin da ya hau yana tara ɗan ruwan asid, da mutum ya kwanta ko ya sunkuya sai ya kwararo baya.

Maman Ilham, abin da za ki duba a takardar shi ne wane iri ne. Kusan kashi 95 cikin 100 mai zamiya ce, wato mahaɗar bututu da tumbi ce ke hawa tana sauka. Wannan da wuya ta maƙale, damuwarta asid ce. Ragowar kuma su ne waɗanda wani ɓangare na tumbi ke turowa ta gefen bututun ya zauna a ƙirji, har a wasu hanji ko saifa su bi bayansa. Waɗannan su ke iya murɗewa. Yayanku yana auna ta ne da ƙabar mara, wadda ake gudun hanji ya maƙale a ciki. Santimita 3 mai zamiya, in ita ce, likitanku bai kauce hanya ba.

Maman Ilham: Na duba Dakta, ya rubuta nau'i na 1.

Dakta Nura: To ita ce mai zamiyar.

Baban Khalifa: Dakta, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Ka faɗa wa mutane gaskiya: maganin nan yana toshe kafar ko ba ya toshewa?

Dakta Nura: Ba ya toshewa, Yallaɓai. Babu ƙwayar da ke mayar da tumbi ƙasa. Asid take ragewa.

Baban Khalifa: Yauwa, nan nake so a zo. Ni mai ɗakin ne, ba labari aka ba ni ba. Na sha omeprazole, na koma esomeprazole, zafin ya tafi amma tasowar abinci ba ta daina ba. In na sunkuya ɗaura takalmi sai in ji abin da na ci ya dawo min baki. Akwai daren da na farka ruwa ya shige min hanyar numfashi, na kasa ko kiran matata, sai dukan gado nake. Da gari ya waye ga matashin kai da tabon ruwa rawaya. Muryata ta dishe, likitan haƙori ya ce bayan haƙorana na sama ya fara zaizayewa. Da aka yi min aiki, tun daga lokacin nake kwana a miƙe. Don me mutum zai zauna yana haɗiyar ƙwaya har ƙarshen ransa alhali akwai gyara?

Hajiya Turai: Baban Khalifa, kai ka dace ne. Ni ma ina da ita shekara da shekaru, ƙwaya ɗaya da safe, na rage ƙiba, na daina cin dare, lafiyata lau. Wata ƙawata an yi mata aikin, yau ko gyatsa ba ta iya yi, cikinta kullum a kumbure, kuma bayan 'yan shekaru sai ga ta ta koma kan maganin da ta gudu. A kai tsohuwa mai shekara 63 ɗakin tiyata don ƙwannafi? A'a wallahi.

Baban Khalifa: Hajiya, rashin gyatsar nan ni ma na yi shi, ban ɓoye ba. Da farko nama da burodi tsaya min suke a ƙirji, sai abinci mai ruwa-ruwa na yi ta ci. Amma ya wuce. Lemo mai gas ne dai har yau ba na kusantarsa.

Dakta Nura: Ku biyun duk gaskiya kuke faɗa, ciwon naku ne ba ɗaya ba. Hajiya asid ce ke damunta, magani ya kashe ta, magana ta ƙare. Yallaɓai kuwa abin da ke cikin tumbin ne gaba ɗaya ke dawowa, kuma ƙwaya ba ta hana ruwa hawa, tsaminsa kawai take cirewa. Irinsa shi ake kai wa likitan fiɗa.

Akwai wani bincike da aka yi a ƙasashen Turai, sunansa LOTUS, aka buga sakamakonsa a 2011. An raba mutum 554 masu tasowar asid gida biyu, wasu aka bar su a kan esomeprazole, wasu aka yi musu aiki, aka bi su shekara 5. Masu magani kashi 92 ciwonsu na kwance, masu aiki kashi 85. Tasowar abinci ta fi raguwa a wajen waɗanda aka yi wa aiki, amma su suka fi kukan wahalar haɗiya da kumburin ciki da yawan iska. Sai dai a lura, duk waɗanda aka ɗauka mutane ne da maganin yake yi musu aiki tun farko. Bai ce komai ba game da wanda magani ya gaza a kansa.

Abu Safwan: Shi aikin me ake yi a ciki? Ɗinke kafar kawai?

Dakta Nura: Abu uku. A janyo tumbi a mayar da shi ciki, a ɗinke kafar ta tsuke, sannan a ɗauki saman tumbi a naɗe ƙarshen bututun da shi kamar kwalar riga a wuya, don ya zama sabon marfi. Wani likita Bajamushe, Rudolf Nissen, shi ya fara wannan naɗi a 1955 a birnin Basel na Suwizalan, kuma har yau da sunansa ake kiran aikin. Nasa zagaye ne cikakke, digiri 360. Akwai na Toupet, digiri 270, wanda ya fi barin mutum ya yi gyatsa, ya kuma rage wahalar haɗiya. Da can sai an tsaga ciki ko ƙirji. Daga 1991, da Bernard Dallemagne ya yi shi da kyamara a Beljiyam, sai aka koma 'yan ƙananan huji huɗu ko biyar, mutum ya kwana ɗaya zuwa uku ya tafi gida.

Likitan fiɗa mai hankali ba zai taɓa ka ba sai ya auna yadda bututun yake tura abinci, da wani siririn tiyo da ake bi da shi ta hanci, sau da yawa kuma a auna asid ɗin na awa 24. Dalili, akwai ciwon da ke kama da wannan alhali bututun ne ba ya motsi yadda ya kamata. In aka naɗe irin wannan, an ƙara masa wahala ne.

Maganar dawowa da Hajiya ta yi ma gaskiya ce, musamman in ƙabar babba ce, ko mutum yana da ƙiba sosai, ko ya koma ɗaukar kaya masu nauyi da wuri.

Ɗan Gayu: Ku bar wahalar da kanku. Na gani a YouTube, da sassafe ka sha ruwan ɗumi kofi biyu, ka ɗaga dugaduganka ka sake su da ƙarfi sau goma, nauyin ruwan zai ja tumbin ƙasa. Wasu kuma danna saman ciki ake musu da hannu ya koma.

Sista Rabi: Ɗan Gayu, ko da ya sauka, me zai hana shi komawa? Mai zamiya dama da kanta take hawa tana sauka, kafar ce a buɗe. Kar wani ya sa tsohuwa tsalle don Allah, gwiwa ma ta ishe ta.

Maman Ilham, ga abin da zai yi wa Mama amfani tun daren yau. Ku ɗaga kan gadonta da santimita 15 zuwa 20. Ƙafafun gadon biyu na wajen kai za ku sa wa katako ko bulo a ƙarƙashi, gadon gaba ɗaya ya ɗan gangara. In katifa ce a ƙasa, a yanko soso mai gangara a sa ƙarƙashinta daga kugu zuwa kai. Kar ku tara mata matasan kai, don wuya kawai suke ɗagawa, jiki ya lanƙwashe a ciki, matsin ya ƙaru. Ta riƙa kwanciya ta gefen hagu, saboda a haka tumbi yana ƙasa da mahaɗar. Abincin dare kuma a ba shi awa 3 kafin kwanciya, a rage yawansa.

Hajiya Turai: Sista, na gefen hagun nan na gwada, gaskiya ne. In na juya dama cikin barci, ƙwannafin ne ke tashina. Ki ƙara da ɗaurin ciki, mata mu ji tsoron Allah da matse kugu.

Maman Ilham: Abinci fa? An ba mu wani dogon jeri, in muka bi shi ba abin da zai rage mata sai ruwa.

Sista Rabi: Jerin nan ba doka ba ne. Abubuwan da aka fi kuka da su: mai maiƙo da soye-soye, yaji, kofi, cakulan, na'a-na'a, tumatir, lemon tsami, lemo mai gas. Amma kowa da nasa. Ta lura da wanda in ta ci yake tayar mata, shi za ta bari. Cika ciki dam ya fi kowanne a cikinsu illa. Madara kuma da mutane ke sha da dare, tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. In tana da ƙiba, rage ta shi ne abin da ya fi komai tasiri. Masu shan taba a cikinmu, ku ma da ku ake.

Auwal Famasis: Bari in sa baki a wajen magani, don a nan nake ganin ɓarna kullum. Mutum zai zo ya ce omeprazole ba ya masa aiki, in ka tambaya sai ka ji bayan ya ci ya ƙoshi yake sha, ko sai zafin ya taso. Ba haka ake shansa ba. Minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin safe, cikin ba komai, kullum, kuma yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya kankama. Kafsol ne, ba a tauna shi. Na gaggawa daban ne: ruwan antasid, ko Gaviscon da ke yin kumfa ya zauna a saman abin da ke cikin tumbi, a sha bayan abinci da lokacin kwanciya. Shi ma a raba shi da maganin ƙarin jini ko ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da awa 2 aƙalla, don yana hana su shiga jiki.

Duk wanda ke da tsohon maganin ƙwannafin nan ranitidine a durowa ya rabu da shi. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa a watan Afrilun 2020 saboda wani sinadari, NDMA, da ake zargi da jawo daji. Famotidine ne ya maye gurbinsa.

Maman Ilham, Mama tana shan wani magani daban?

Maman Ilham: Tana shan amlodipine na hawan jini, sai diclofenac in gwiwa ta matsa mata, kusan kullum dai.

Auwal Famasis: To ba a nan gizo ke saƙar ba? Diclofenac da ibuprofen da asfirin suna cin fatar tumbi da ta bututun. Ga hawan jini kuma, ga shekaru, ƙoda ma ba ta son su. Ku gaya wa likitanta ya canza mata. Amlodipine da 'yan uwansa suna iya sassauta zoben nan da Dakta ya faɗa, amma kar ta daina shi da kanta ko na rana ɗaya, likita ne zai duba ko akwai buƙatar sauyi.

Baban Khalifa: Malam Auwal, tunda ka zo, faɗi illar shan omeprazole shekara da shekaru, kar a ce ni na ƙirƙira.

Auwal Famasis: Akwai, ba na musu. Yana iya rage magniziyam da bitamin B12 a jiki, yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan gudawa, an kuma alaƙanta shi da karayar ƙashi a tsofaffi. Amma yawancin abin da ake yaɗawa alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar shi ne sanadi ba. Ni abin da na fi tsoro shi ne wanda ya karanta wannan ya watsar da maganin alhali bututunsa ya riga ya ƙone. Ƙa'idar ita ce mafi ƙarancin abin da zai riƙe ka, likita yana dubawa lokaci-lokaci. Mai shan clopidogrel, maganin hana jini daskarewa, kuma ya faɗa, don omeprazole na rage masa ƙarfi, akan ba shi pantoprazole.

Malam Isiyaku: Dakta, an ce abin nan yana zama kansa, wato ciwon daji. Haka ne?

Dakta Nura: Ita ƙabar ba ta rikiɗa ta zama daji, Malam. Asid ɗin da ke wanke ƙasan bututun shekara da shekaru shi ke sa fatar wurin ta canza a wajen wasu, abin da ake kira Barrett, da sunan likitan Ingila Norman Barrett da ya yi rubutu a kai a 1950. Ko a cikin masu Barrett ɗin, waɗanda ke kamuwa da daji a shekara ba su kai 1 cikin 100 ba, shi ya sa ake leƙa su lokaci-lokaci. Abin da ba a jira da shi: abinci ya fara tsayawa in an haɗiya, rama ba dalili, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko amai da ya ƙi tsayawa.

Wani abu kuma, don na ga ana sakaci da shi. Wanda aka gaya wa yana da wannan ƙaba, duk ciwon ƙirji sai ya ɗora mata. In ƙirji ya yi nauyi kamar an danne, da gumi, ko ciwon ya tafi hannu ko muƙamuƙi, ko ya zo lokacin tafiya da hawan bene, asibiti za a nufa a duba zuciya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fi kowa buƙatar jin wannan.

Ummu Hani: Ni tambayata daban ce. Kakata ba ta ƙwannafi sam. Amma loma kaɗan take ci ta ce ta ƙoshi, bayan cin abinci sai ta zauna tana haki, tana dafe ƙirji. Jininta kullum ƙasa, an ba ta maganin ƙarin jini ya hau ya sake sauka. An ɗauki hoton ƙirjinta don tari, aka ce an ga kamar iska da ruwa a bayan zuciya, wai ƙaba ce. Tunda ba ta jin zafi sai muka bar maganar. Ita ma omeprazole za mu saya mata?

Dakta Nura: A'a Ummu Hani, kar ku tsaya a kemis. Abin da kika zayyana ya fi kama da ɗaya irin, babbar da ke zaune a ƙirji. Hakin bayan cin abinci, cikakken tumbi ne ke takura huhu da zuciya. Ƙarancin jinin kuma, inda tumbi ke gogar bakin kafar yakan yi 'yan siraran raunuka masu tsiyayar jini kaɗan-kaɗan, ba a gani da ido. Sai an leƙa, kuma a shekarunta dole a duba hanji ma, kar a ɗora wa ƙaba laifin wani abu. Tana buƙatar leƙen ciki da hoton bariyom, wato ta sha wani farin ruwa mai kauri ana ɗaukar hoto yana sauka, ko sitisikan, sannan ta ga likitan fiɗa.

Da can duk irin wannan aiki ake mata ko ba ta damun mutum. Yanzu in ba alama ko ɗaya, musamman a tsoho, akan zuba ido, don haɗarin ta murɗe wajen 1 cikin 100 ne a shekara. Kakarki kuwa tana da alamu, lissafinta daban ne. Ku riƙe wannan: in ciwo mai tsanani ya kama ta a ƙirji ko saman ciki, tana ta yunƙurin amai ba abin da ke fita, ko ruwa ya ƙi wucewa, tumbin ne mai yiwuwa ya murɗe, jini na iya yanke masa. Ko tsakar dare ne a tafi, ba a jiran safiya.

Ummu Hani: Innalillahi. Na gode Dakta, gobe in sha Allah za mu kai ta.

Baban Khalifa: Hajiya, kin ji ko? Akwai inda ƙwaya ba ta kaiwa.

Hajiya Turai: Na ji, amma ai ba irin ta Maman Ilham ba ce. Kai dai so kake kowa ya sha wuƙa irinka.

Amaryar Sadiq: Ina da ciki wata 7, ƙwannafi kamar ya kashe ni. Ni ma ƙabar ce?

Sista Rabi: Ba lallai ba ne, ƙanwata. Sinadarin progesterone yana sassauta zoben, ga mahaifa na turo tumbi sama. Galibi da an haihu yake wucewa. Ki ci kaɗan-kaɗan, ki ɗaga kan gado, ki faɗa a wajen awo su ba ki antasid da ya dace. Amma in ciwo ne a saman ciki ta dama tare da ciwon kai ko kumburi ko gani dishi-dishi, a auna hawan jininki a ranar.

Abu Safwan: Malam Auwal, in sati 8 ɗin ya cika, tsayawa ake yi kawai?

Auwal Famasis: Likita ne zai yanke, bisa abin da ya gani a leƙen. Wanda bututunsa ya ƙone sosai ko yake da Barrett, ci gaba zai yi. Wanda ba shi da waɗannan, akan gwada ragewa: a raba ƙarfin biyu, ko a koma yau a sha gobe a huta, daga nan sai ranar da ake buƙata. In aka yanke lokaci ɗaya, tumbi yakan zubo asid fiye da da na kamar sati biyu ko fiye, mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo. A wannan tsakanin Gaviscon ko famotidine sun isa. In an wuce wata ɗaya zafin bai lafa ba, a koma wajen likita da takardar leƙen a hannu.